Ƙwaya Huɗu da Hajiya Ta Hana Ni

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya kwantar da ni kuma ya tashe ni.

Sunana Lawal. Kafinta ne ni a Ƙofar Kaura, na haura shekara sittin, kuma shekara takwas ke nan ina fama da ciwon suga. Ban saba riƙe biro ba sai don zana awo a jikin katako. Amma abin da ya same ni a daminar bara ya isa a rubuta, ko wani mai taurin kai irina zai karanta ya tsira da ransa.

Ranar Talata ce, cikin marka. Ina shago ina goge wata ƙofa, Ishaya yana gefe yana ja wa kujera yadi. Ishaya mutumin Filato ne, mai ɗinkin kujeru, shekararmu ashirin da biyu a rumfa ɗaya: ni in haɗa katako, shi ya sa soso ya rufe. Na dawo daga sallar azahar lafiyata ƙalau. Ina ɗaukar magogi sai na ji kamar an kwara mani ruwan randa a baya. Kafin la'asar haƙorana suna haɗuwa, gaɓoɓina kamar an daka su a turmi, kai kuma yana sara ta bayan idanu. Na san mura, na san zazzaɓin sauro, duk sukan yi sallama kafin su shigo. Wannan faɗo mani ya yi kawai.

Ishaya ya ajiye almakashinsa ya taɓa goshina.

"Malam Lawal, jikinka wuta ne. Tashi in kai ka gida."

Ya goya ni a babur ɗinsa, ina ta tari a ƙeyarsa har Ƙofar Guga inda gidana yake. A hanya na sa ya tsaya a kemis na sayi maganin maleriya, don a ganina ba abin da zai wuce shi.

Kafin magariba labari ya kai wa yayana, Alhaji Sada. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, kuma in ya yi magana ba a ƙarawa. Ya zo ya dube ni, ya ce sanyin damina ne ya shige ni. Ya sa a dafa ganyen bedi, wato darbejiya, a yi mani sirace, a haɗa citta da kanumfari da lemun tsami in sha da zafi. Wata maƙwabciya ta aiko da tazargade. Wani ya ce a nemo mai allura ya zo gida ya yi mani guda biyu, gobe in koma aiki. Duk don ƙauna suka faɗa, Allah ya saka musu. Matata ta yi siracen, ta dafa cittar, amma mai allura ba ta aika a kira shi ba.

Sunanta Zainabu, dangi suna ce mata Abu, ni kuma Hajiya nake kiranta tun da babban ɗanmu ya biya mata Makka ta riga ni zuwa. Shekararmu talatin da bakwai tare. Ba ta yi boko ba, allo ta yi. Mace ce marar hayaniya, kuma a duk tsawon zamanmu ba ta taɓa musa mani magana a gaban mutane ba.

Da safiyar Laraba ban iya tsayuwa sallar asuba ba, a zaune na yi ta. Hajiya ta ɗauko ɗan injin awon suga ta huda yatsana. Ba ta karanta rubutu, amma lambobin injin nan ta haddace su kamar sunayen jikokinta. Ta duba, ta sake dubawa.

"Malam, asibiti za mu."

"Wane asibiti? Na sha maganin maleriya, a bari ya yi aiki. Ga ƙofar mutane na bari a shago."

"Tunda nike auna ka ban taɓa ganin wannan lambar ba. Ƙofa ta jira."

Ta fita, sai ga ta da mai keke napep har ƙofar gida. Ban ƙara gardama ba, don ƙarfin yinta ma babu.

Zan faɗi gaskiya game da asibitin nan, mai daɗi da marar daɗi. Mun isa da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Layin kati daban, layin awo daban, layin gwajin jini daban. Benci ya cika, rufin kwano yana ɗiga, muna ta gusawa. Na ga mutane uku sun zo bayanmu, sun gaisa da wani ma'aikaci, sun shige gabanmu. Wannan bai kamata ba, kuma ban yafe da sauƙi ba. Amma a nan ne kuma wata nas ta ga ina rawar ɗari, ta ba ni takunkumi na rufe baki da hanci, ta matsar da ni kusa da taga, nesa da masu ciki da jarirai.

Gwaji ya nuna babu maleriya. Likitan matashi ne, bai kai ɗana na biyu ba. Ya saurari ƙirjina, ya zura mani wani tsinke mai auduga a hanci har hawaye suka zubo. Sannan ya tambaya:

"Baba, yaushe abin ya fara?"

"Kwana biyu ko uku ke nan," in ji ni.

"Jiya ne, likita," Hajiya ta ce daga bayana. "Talata, bayan azahar. Da safe ya karya lafiya lau, har ya nemi ƙarin ƙosai na hana shi."

Likita ya juyar da kujerarsa ya fuskance ta.

"Mama, kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To wannan amsar taki ta fi mani komai amfani."

Da sakamakon tsinken ya fito ya yi mana bayani. Ya ce ba murar da muka saba ba ce, sunanta infuluwenza. Wannan kalma ta zauna mani a kai har yau. Ya ce matashi mai lafiya yakan kwanta mako ɗaya ya tashi, amma ga mai shekaruna da ciwon suga tana iya gangarawa huhu, daga nan sai yadda Allah ya yi. Ya ce ƙwayar cutar ba ta jin maganin maleriya, ba ta jin irin kafson da muke saye a kemis in ƙurji ya fito. Tana da nata magani, sai da takardar likita, kuma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyun farko. Ya rubuta sunan, wai oseltamibir. Na yi ta gwada faɗa har na haƙura.

"Ƙwaya goma ce," in ji shi. "Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kwana biyar. Zai ji sauƙi kafin su ƙare. Kada ya tsaya. Kuma nasa ne shi kaɗai, kada a ba kowa."

Ni ya kamata in riƙe wannan magana. Hajiya ce ta riƙe ta.

A ɗakin maganin asibiti aka ce babu. Ta mayar da ni gida ta kwantar, ta ɗauki lema ta koma cikin ruwan sama da takardar a ƙulle cikin leda. Shago huɗu ta shiga ana cewa ba su ajiye shi. A na biyar wani ya miƙo mata kwali ya ce duk ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Ta ce ya ba ta ta gani. Ta shimfiɗa takardar likita a kan teburin shagon, ta ɗora kwalin a gefe, ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta san sunansu ba, amma ta ga na takarda ya fara da harafi mai zagaye kamar zobe, na kwali kuma da mai tsini kamar rufin bukka.

"Ɗana, wannan ba shi ba ne," ta ce, ta mayar masa.

A shago na shida ta samu, can wajen Ƙofar Sauri. Da tsada, tsadar da har yau nake jin haushinta, don na san akwai gidajen da za a duba takardar a ninke a ajiye. Ta dawo zaninta sharkaf, na haɗiyi ƙwayar farko kafin a kira magariba.

Kwana biyun da suka biyo baya ban san kaina sosai ba. Ƙwayar farko ta tayar mani da zuciya, na yi ta yunƙurin amai. Hajiya ta tuna likita ya ce a sha da abinci, sai ta daina ba ni sai na ci wani abu tukuna. Matar Ishaya, wadda muke kira Maman Rahila, ta kawo acca daga garinsu ta ce ba ta tayar da suga kamar shinkafa. Hajiya ta riƙa yi mani fate da ita. Ta ware mani kofi da cokali da buta. Ta buɗe tagogi duk da sanyin da nake kuka da shi. Ta aika wa 'ya'yanmu mata cewa kada wadda ta kawo jika gidan. Masu dubiya ta shimfiɗa musu tabarma a zaure, su gaishe ni daga nesa. Wasu sun ji haushi, har an ce ta mai da ni kamar mai kuturta. Takunkumi a fuskarta, safe da yamma ta auna suga, ta ba ni abinci, ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta tsaya har ta ga na haɗiye. Katin ƙwayoyin kuwa a ƙullin zaninta yake kwana.

Ranar Asabar na farka zazzaɓi ya sauka. Na yi wanka da kaina, na sha ƙwaya ta shida, na fito zaure na zauna can gefe. Yaya Sada yana nan da abokansa biyu. Muna cikin gaisawa sai ga Maman Rahila, ko lulluɓin kirki babu.

"Malam Lawal, abokinka ne. Tun jiya da safe yake kwance. Irin naka ne sak, har ya fi. Numfashinsa ba ya yi mani daɗi."

Na tuna tarin da na yi ta yi a ƙeyarsa ranar Talata. Ni na shafa masa. Ga shi kuma da hawan jini. Na ɗaga murya na kira Hajiya, ta zo ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida.

"Hajiya, ƙwaya nawa suka rage?"

"Huɗu."

"Kawo su a kai ma Ishaya. Ni na warke."

Ba ta motsa daga bakin ƙofar ba. Na ɗauka ba ta ji ba, na maimaita.

"Malam, ka yi haƙuri. Ba zan bayar ba."

Ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

"Mi kika ce?" in ji ni.

"Likita ya ce goma, kuma ya ce naka ne kai ɗaya. Ka sha shida."

Yaya Sada ya gyara zama. "Abu, mijinki ne fa ke magana. Mutumin nan shi ya goyo shi zuwa gida. Yau yana kwance ki hana mashi magani? Haka aka koya maki zama da maƙwabta?"

Ta dafa ƙyaure ta amsa masa.

"Yaya, Allah ya huci zuciyarka. In na ba da huɗun nan, Malam bai gama nashi ba, Ishaya bai samu cikakke ba. Mutum biyu ke nan na cuta. Kuma ni ba likita ba ce da zan san ko ciwon nasu ɗaya ne."

"To sai a zuba mashi ido ya mutu?" na ce, raina a ɓace.

"A'a. Ni zan kai shi."

Ta shiga ciki, ta fito da mayafi da takunkumi biyu da takardar likita da kwalin maganin. Ta kama hannun Maman Rahila suka wuce ta gabanmu. Ƙwayoyin nan huɗu suna ƙugunta, ta tafi da su don kada in aika da su a bayanta.

Yaya Sada ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Lawal, ka ga abin da sakaci ke jawowa. A gaban mutane." Ya fita bai yi mani sallama ba.

Abin da ya faru a can daga bakin Maman Rahila na ji daga baya. Sun tarar da Ishaya yana numfashi sama-sama, leɓensa ya canza launi. Su biyu suka ciccibe shi zuwa keke. Asabar ce, likitan da ya duba ni ba ya nan, sai ɓangaren gaggawa. Aka ce su jira. Hajiya, wadda ko a gidan biki ba a jin muryarta, ta je gaban teburin nas ta ajiye takardata da kwalin, ta ce: mijina infuluwenza gare shi, wannan mutum shi ya ɗauko shi ranar Talata, jiya da safe ya kwanta, yana da hawan jini, ku dubi bakinsa. Nas ta duba, ta kira likita da gudu. Aka ba shi gado, aka sa masa iskar numfashi. Da aka rubuta maganin, Hajiya ba ta ɓata lokaci a shago biyar ba, kai tsaye Ƙofar Sauri ta nufa.

Ta dawo gab da magariba, ta wanke hannu, ta ɗora fate, ta kawo mani da ƙwaya ta bakwai. Na karɓa ban dube ta ba. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi. Ranar Lahadi ma ban yi mata magana ba sai "to" da "a'a". Ita kuwa ba ta fasa komai ba. Ta auna ni, ta ciyar da ni, ta tsaya a kaina har na haɗiye, sannan ta ɗauki kwanon abinci ta tafi asibiti wajen Maman Rahila. Litinin da safe na sha ta goma. Ta nuna mani katin ƙwayoyin babu komai a ciki, ta ce, "Alhamdu lillahi," ta jefa a shara.

Mako na biyu zazzaɓi bai dawo ba, amma ƙarfi ya ƙi zuwa. Daga ɗaki zuwa zaure sai na huta. Tari ya ci gaba, suga yana hawa yana sauka kafin ya daidaita. Wanda ya ba ni aikin ƙofa ya gaji ya kai wa wani, ban ga laifinsa ba. Ranar da muka koma asibiti, bayan likita ya saurari ƙirjina ya ce huhu fes, sai na kawo masa ƙara. Har lokacin ina ganin ni ke da gaskiya.

"Likita, ka ji abin da matar nan ta yi mani. Abokina na kwance, na ce ta ba shi sauran maganina, ta ƙi a gaban yayana."

Ya tambayi sunan abokin. Da na faɗa sai ya ajiye biro.

"Na gan shi a ɗakin maza. Baba, lokacin da aka kawo shi ciwon ya riga ya shiga huhunsa. Ƙwaya huɗu ba za su yi masa komai ba. Abin da za su yi shi ne su sa iyalinsa su zauna a gida suna jiran sauƙi. Da ya ƙara kwana ɗaya haka, ban san abin da zan ce maka ba. Kai kuma da ka tsaya a shida da sugan nan naka, ba ni da tabbacin ba za ka dawo mana a kwance ba."

Ya dubi Hajiya. Tana kallon ƙasa tana wasa da bakin mayafi.

Muka hau keke muna komawa, har muka kusa gida. Na ce, "Hajiya, ki yafe mani."

"Ba komai, Malam. Riƙe ƙarfen nan da kyau, akwai rami a gaba."

Ishaya ya yi kwana tara a asibiti. A mako na uku na samu ƙarfin zuwa gidansa. Ya rame, wuyansa kamar na zakara, amma dariyarsa tana nan. Na fara ba shi haƙuri a kan ni na shafa masa, ya ɗaga hannu.

"Bar wannan. Ciwo ba ya neman izini. Ni dai a gaya wa Hajiya, a cocinmu an ambaci sunanta a addu'a ranar Lahadi."

Na dawo na faɗa mata. Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Kai, Maman Rahila da tonon asiri."

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. In zazzaɓi ya faɗo maka lokaci ɗaya da ciwon gaɓoɓi da busasshen tari, musamman in kana da shekaru, ko suga, ko hawan jini, ko asma, ko mace mai ciki, kada ka ce bari mu ga gobe. Ka riƙe ranar da ya fara da lokacin, don za a tambaye ka. Ka sha cittarka, ba wanda ya hana, amma ka je a duba ka. Abin da likita ya rubuta shi za ka saya, kada a canza maka a kemis. In ka fara ka gama. Kuma wanda kake ƙauna, in ya kwanta, kai shi asibiti, kada ka raba masa naka. Hukuma kuma ta ji tsoron Allah ta ajiye irin wannan magani inda talaka zai same shi, don ba kowane gida ne ke da mai iya zaga shago shida cikin ruwa ba.

Yaya Sada ya yi wata guda bai taka gidana ba. Na je gaishe shi sau biyu, ya amsa a daƙile. Labarin Ishaya ya kai masa, na sani, don a masallacinsu ma an yi zancen.

Wata Juma'a bayan an sauko sai ga sallamarsa a zaure. Muka gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi aiki, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta kawo ruwa ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi.

"Yaya, ina wuni. An sauko lafiya?"

"Lafiya lau, Abu. Ya gida? Ya mai jiki?"

"Ya ji sauƙi, alhamdu lillahi."

Ta yunƙura za ta tashi, ya ce ta dakata. Ya sha ruwan, ya ajiye kofin a hankali, ya daɗe yana kallon tabarma. Yayana bai taɓa ba kowa haƙuri ba tunda na san shi, kuma ranar ma bai bayar ba. Ni ya juyo ya kalla.

"Lawal, ka ji abin da zan faɗa maka, kuma ka gaya ma ɗiyana. Duk ranar da na kwanta ciwo, kada a tsaya shawara da kowa. A kira mani Abu."